Ido Ba Mudu Ba Ne: Kasuwar Kayan Tsofaffin Babura a Ohio

A cikin watan Yuli na kowace shekara, wani fili da ke kusa da ƙaramin garin Lexington a jihar Ohio ta Amurka yakan koma kasuwa ta kwana uku, daga Juma'a zuwa Lahadi. Filin na tseren motoci ne da babura, sunansa Mid-Ohio, kuma tun 1962 aka buɗe shi. Ƙungiyar masu babura ta Amurka, AMA, wadda aka kafa a 1924, ita ke shirya taron da take kira Vintage Motorcycle Days, wato ranakun tsofaffin babura, kuɗin da aka samu kuma ana tallafa wa gidan tarihin babura da ke Pickerington da shi. Ana yin tsere, ana baje kolin baburan da suka girmi masu su, amma abin da ke taso da mutane daga jihohi masu nisa shi ne kasuwar gwanjon da ke ci a kan ciyawa. Babu shago, babu rumfar siminti. Ɗan kasuwa yakan biya kuɗin wuri, ya jawo motarsa da tirela ya tsaya, ya shimfiɗa tamfol ya zube kaya: tankuna masu tsatsa, kwanduna cike da kafireto, fitilu, kujeru, injunan da aka farke, ga kuma wili jere an jingina su da jikin mota. Masu saye suna zagayawa da 'yan kuraye suna ja, wasu sun rataya kwali a baya sun rubuta abin da suke nema. Da yawa a nan suke kwana cikin tanti, domin mai sammako shi ke tsintar kaya mai kyau. Ran Lahadi kuwa farashi yakan faɗi, saboda ba mai son sake loda ƙarfen da ya riga ya sauke.

Cikin duk kayan da ke wannan kasuwa, babu wanda ke nuna halinta kamar ƙafar gaba ta babur ɗin doguwar tafiya. Irin waɗannan babura manya ne, da gilashin tare iska, da akwatunan kaya a gefe da baya, da kujerar da mutum biyu za su wuni a kai ba su jigata ba. A cikinsu akwai Electra Glide na kamfanin Harley-Davidson, wanda ya fito a 1965, da Gold Wing na Honda, wanda ya fito a 1975 aka kuma daɗe ana haɗa shi a Marysville cikin jihar ta Ohio, da R100RT na kamfanin BMW na Jamus. Manyan cikinsu nauyinsu ya kusa kilo 400 tun kafin mahayi ya hau. Masu su kan riƙe su shekara ashirin ko talatin, kuma akan wayi gari mai tsohon babur ya so ya sa masa wilin gaba na sabon samfuri. A nan ne ake gane cewa ƙarfen da ke kan tamfol rabin haja ne kawai. Sauran rabin, wanda ya fi daraja, shi ne sanin wane wili ne zai zauna a kan wane babur, da abin da za a sake kafin ya zauna. Ra'ayina shi ne wannan ciniki yana da amfani kuma ya cancanci a kare shi, amma bisa sharaɗi guda: awo ya yi hukunci, ba ido ba.

Wilin da ake zubewa a kasuwar ta hanya uku suke zuwa. Akwai waɗanda aka cire daga sababbin babura tun ba su yi tafiyar kirki ba, domin a Amurka mutum kan sayi babur fil ya sake masa wili da wani mai ado, na asalin ya zauna a gareji har ranar da za a kai shi kasuwa. Akwai na baburan da suka yi haɗari aka wargaza su aka sayar gunduwa-gunduwa. Akwai kuma ragowar kayan shagunan da suka rufe. Abin da ya ƙara yawan hajar shi ne sauye-sauyen kamfani. Har zuwa 2008 yawancin baburan doguwar tafiya na Harley-Davidson wilin inci 16 gare su a gaba. A 2009 aka koma inci 17 a kan da yawa daga cikinsu. A 2014 samfurin Street Glide ya zo da inci 19. Masu nema kuwa suna da dalilansu. Wili mai wayoyi galibi sai da tiyub, kuma idan ƙusa ta shiga iskar kan fita farat ɗaya, alhali wilin alminiyom da aka zuba a ƙera yana ɗaukar taya marar tiyub, wadda ke sacewa sannu a hankali har mahayi ya samu damar tsayawa. Wayoyin kuma sukan saki, sai an riƙa ɗaure su ana daidaitawa. Wani kuma wilinsa ne ya lanƙwashe, kamfani ya daina yin irinsa. Ba za a ɓoye ba, da yawa ado ne ke kawo su, kuma son ado ba laifi ba ne muddin bai ci da rai ba.

Matsala ta farko da mai saye zai fuskanta tana tsakiyar wili, inda sandar ƙarfen da bakanikai ke kira aksul ke ratsawa ta cikin boris. Baburan Harley-Davidson na doguwar tafiya da aka yi har zuwa 1999 kaurin aksul ɗinsu na gaba kashi uku cikin huɗu na inci ne, kimanin milimita 19, kuma boris ɗinsu mai tsukakken kai ne irin wanda Henry Timken ya yi wa rajista a 1898, kamfaninsa ma a Ohio yake. Wannan boris yana buƙatar a riƙa buɗe shi ana sa masa giris, ana kuma auna ɗan wasan da ke tsakaninsa. Daga 2000 zuwa 2007 aka koma aksul mai inci ɗaya da boris rufaffe wanda ba a buɗewa. Daga 2008 kuma aka koma milimita 25. To inci ɗaya milimita 25.4 ne. Bambancin bai kai rabin milimita ba, kuma babu idon da zai iya rabe su a kan tamfol. Idan aka kawo aksul mai inci ɗaya aka nufi boris na milimita 25, ba zai shiga ba, kuma wannan ƙin shiga rahama ce, domin ta tona kuskuren tun a gareji. Haɗarin yana ɗaya ɓangaren: aksul na milimita 25 zai zame cikin boris na inci ɗaya salin-alin, a ɗaure noti, a ga kamar komai ya yi daidai, alhali wilin yana wasa a kan sandarsa. Daga waje faɗin boris ɗin duka milimita 52 ne, shi ya sa ake iya fitar da wannan a sa wancan, sai dai kaurinsu ya bambanta, don haka dole a sake lissafin bututun da ke tsakanin boris biyun da zobban tazarar da ke riƙe wili a tsakiyar shokazoba. Idan bututun ya gaza ko da kaɗan, ɗaurin noti zai matse boris ta gefe, ya ci kansa cikin ɗan lokaci.

Bayan aksul sai birki, kuma a nan ne zancen ya fi nauyi, domin masu koyar da tuƙin babur sun daɗe suna faɗin cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga birkin gaba yake. Faifan birki na baburan Harley-Davidson na 2000 zuwa 2007 faɗinsa inci 11.5 ne, kimanin milimita 292. A 2008 kamfanin ya koma birkin Brembo na Italiya da faifai mai milimita 300. Wanda ya sayi sabon wili da faifansa a jiki, ya kai shi ga tsohon madamƙin birki, zai tarar bakin faifan bai zauna inda aka tanadar masa ba. Ko dai ya mayar da faifai mai girman na da, in ramukan notin da ramin tsakiya sun dace, ko ya nemi ƙarfen da aka ƙera musamman don matsar da madamƙin. Sannan faifan dole ya ratsa tsakiyar madamƙin daidai, in ba haka ba gefe ɗaya zai riƙa gugar ƙarfe yana zafi. Akwai kuma na'urar ABS, wadda ke hana taya cijewa idan an damƙe birki da ƙarfi. A waɗannan babura na'urar tana karanta juyawar wili ne daga wani zoben maganaɗisu da ke cikin boris na hagu, saboda haka babur mai ABS ba ya karɓar kowane boris, kuma idan aka juya fuskarsa ciki na'urar ta makance. Baburan da suka tsufa sosai kuma agogon gudunsu da waya yake aiki daga cibiyar wilin gaba, sabon wili kuwa ba a yi masa wurin wannan waya ba. Duk waɗannan tambayoyi ne da ya kamata a amsa a gaban tamfol kafin kuɗi ya bar aljihu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce, ai wilin inci 19 ya fi na inci 16 girma nesa ba kusa ba, yaya za a yi ya zauna a wuri ɗaya? Amsar tana cikin lambobin da ke jikin taya. Tsohuwar tayar inci 16 girmanta daidai yake da 130/90, ma'ana faɗinta milimita 130, tsayin bangonta kuma kashi 90 cikin 100 na faɗin. Idan aka haɗa wili da bangon sama da na ƙasa, tsayin ƙafar gaba ɗaya kimanin milimita 640 ne. Tayar 130/80 a kan inci 17 ma kimanin 640 take bayarwa. Tayar 130/60 a kan inci 19 kimanin 639. Injiniyoyin kamfani suna ƙara wili suna rage bangon taya, tsayin ƙafar bai motsa ba, shi ya sa tuƙin babur ɗin bai sauya sosai ba. Amma wanda ya ɗauki wilin inci 21 da tayar 120/70 ya kai kimanin milimita 701. Gaban babur ya ɗaga da santimita uku, yadda yake karɓar kwana ya sauya, kuma idan aka faɗa rami shokazoba ya nutse har ƙarshe, taya na iya dukan murfinta. Masu sa inci 23 ko 26 kuwa sai sun sake kwanciyar wuyan babur ɗin kansa. Wannan lissafi da ɗan makarantar sakandare zai iya yi a bayan takarda shi ne ya raba gyaran da ke kan hanyar da injiniyoyi suka riga suka share da wanda ke shiga daji.

Shi ya sa cinikin wili a wannan kasuwa ba ya farawa da farashi. Gogaggen mai saye yakan zo da ma'aunin kauri a aljihu, da takardar da ya rubuta awon babur ɗinsa tun daga gida, wani ma da tsohon aksul ɗinsa a hannu. Zai tambayi shekarar babur ɗin da aka cire wilin, ya nemi lambar kamfani da ke jikin ƙarfen, ya zura yatsa cikin boris ya juya ya ji ko akwai gurzawa. Zai ratsa sanda ta tsakiya ya juya wilin yana kallon bakinsa, domin karkatar da littattafan gyara ke yafewa ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Zai duba gindin ƙafafun wilin ko akwai tsaga, musamman idan sabon fenti ne a kai, tunda fenti yakan rufe abin da haɗari ya bari. Faifan birki yana ɗauke da rubutun mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, sai ya auna ya gani. Idan da taya a jiki, akwai lambobi huɗu a bangonta da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Taya na iya zama da zanenta cif amma robar ta bushe, kuma kamfanoni irin su Michelin suna ba da shawarar kada a wuce shekara goma da ita. Ɗan kasuwar kirki ba ya jin haushin wannan bincike. Shi ne ma zai ce wa mai saye wannan wili ba na babur ɗinka ba ne, je ka wajen wane a layin baya. Ya rasa cinikin yau, amma ya sayi sunan da zai dawo masa da mutane baɗi, domin kasuwar da ke ci sau ɗaya a shekara da amana take rayuwa. Sai bayan an gama duk wannan ake tayawa, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Kuɗi hannu ne, babu garanti, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Babbar sukar da ake yi wa wannan ciniki ita ce ta tsaro, kuma suka ce mai ƙarfi. Masu ita suna cewa kamfani ya gwada kowane wili a kan babur ɗin da aka yi shi dominsa, bai taɓa gwada haɗin da wani ya yi a garejinsa ba; kuma idan ƙafar baya ta samu matsala akan iya tsira, amma idan ta gaba ta saki a kan babbar hanya, da wuya mahayi da wanda ya goya su tashi lafiya. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya raina shi bai san nauyin kilo 400 a guje ba. Sai dai sukar ta ɗauka cewa barin tsohon wili shi ne zaman lafiya, alhali ba kullum ba. Boris mai shekara talatin da ba a kula da shi ba, da wayoyin da suka yi tsatsa a ƙarƙashin tiyub, su ma haɗari ne da ido ba ya gani. Kayan asali ma ba ma'asumai ba ne: a shekarun 1980 kamfanin BMW ya yi kiranyen wasu wilin gabansa na alminiyom masu inci 19 saboda tsagewa, ya sauya wa mutane da waɗanda aka ƙara wa ƙarfi. Dokar Amurka kanta ba ta ba kamfani ikon mallakar gyara shi kaɗai ba. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana a ɗaure garanti da sharaɗin sai an yi amfani da kayan kamfani, kuma a 2022 hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ta tuhumi Harley-Davidson a kan irin wannan sharaɗi, kamfanin ya amince ya gyara. Wannan bai ɗora wa kamfani biyan ɓarnar da haɗin banza ya jawo ba. Alhakin yana wuyan wanda ya haɗa. Abin da sukar ta tabbatar shi ne wajabcin awo da ƙwarewa. Ba ta tabbatar da haramcin aikin ba.

Akwai wasu masu suka biyu. Masu tara kayan tarihi suna ganin sa wa babur na 1985 wilin 2014 ɓata asali ne. Suna da hujja idan ana maganar babur ɗin da irinsa ya yi ƙaranci, wanda darajarsa ke cikin zamansa yadda ya fito daga masana'anta. Amma galibin baburan doguwar tafiya dubbai aka yi su, kuma don hanya aka yi su. Aikin da aka yi da noti, ba tare da yanka ko walda ba, ana iya warware shi. Mai hankali yakan adana tsohon wilin. Kuma wanda ya sayar da nasa, a wannan kasuwar ce mai neman kayan asali zai same shi, ashe bukatun biyu ciyar da juna suke yi. Sauran masu sukar suna cewa intanet ta gama da irin wannan kasuwa, tunda a eBay ko Facebook mutum zai samu wili yana zaune a ɗakinsa. Lallai intanet ta faɗaɗa zaɓi, ta kuma bayyana farashi. Amma hoto ba ya nuna karkata, ba ya nuna bambancin milimita 25 da inci ɗaya, ga kuɗin aiko ƙarfe mai nauyi, ga wahalar mayar da shi. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta kori hoto. Fiye da haka, a gaban tamfol ne dattijon da ya shekara arba'in yana kwance babura zai faɗa wa saurayi abin da ba a rubuta a littafin kamfani ba, kuma wannan ilimi kyauta ake ba da shi tare da haja.

Mai karatun da ya san Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ba baƙo ba ne ga wannan sana'a, ko da yake manyan baburan doguwar tafiya ba su da yawa a titunanmu. Ɗaukar kayan wannan inji a sa wa wancan aiki ne na kullum a wajen bakanikanmu, kuma da shi ne ababen hawa masu yawa suke ci gaba da ciyar da gidaje bayan kamfanonin da suka yi su sun manta da su. Basirar tana nan, ba ta gaza ta kowa ba. Abin da kasuwar Ohio ke tunatarwa shi ne a ƙafar gaba basira ba ta isa sai da awo. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kimar ido ta isa a sayi tanki ko kujera, ba ta isa a sayi boris ba. Ga mai sayarwa, ya faɗi shekarar kayansa da aibinsa. Ga bakanike, ya mallaki ma'aunin kauri, ya daina tura aksul da guduma, ya ɗaure noti daidai ƙarfin da littafi ya faɗa, ya gwada birki a hankali kafin ya miƙa makulli. Ga mai babur kuma, kada araha ko ado su sa ya karɓi wilin da ba a auna a gabansa ba, domin ransa da na wanda ya goya a kan wannan ƙafa ɗaya suke tafiya.